Yadda Ake Amfani da Ƙirƙirarriyar Basira Wajen Horar da Ma'aikata

Aikina shi ne horar da ma'aikata a wani kamfanin sayar da kayan noma a Jos, wanda ke da rassa a Bukuru da Mangu da Bokkos. Shekaru da dama tsarinmu ɗaya ne: sau ɗaya a shekara mu kama zauren otal, mu tara ma'aikata kwana biyu, a sha shayi, a raba takardar shaida da kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Bayan wata guda idan na leƙa reshe sai in tarar da kuskuren da muka yi yini guda muna magana a kansa yana nan daram. Tun da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake hira da ita a rubuce, a watan Nuwamban 2022, aka kuma samu irinta kamar Gemini da Copilot da Claude, na shiga gwada su a wannan aiki, na yi kurakurai, na kuma ga abin da ke ci. Abin da na tabbatar shi ne manhajar ba ta san kamfaninka ba, ba ta san kwastomominka ba, saboda haka amfaninta ya dogara ne ga ilimin da ka tattaro daga cikin gida ka ba ta, da kuma mutumin da zai duba abin da ta fitar. Ga matakan kamar yadda nake bin su yanzu.

Mataki na farko: gano inda aiki ke ɗingishi

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Ka je inda ake aikin ka zauna, ko da na rabin yini ne, ka ga yadda mai kanta ke amsa tambayar manomi, da yadda kashiya ke rufe lissafi da yamma, da yadda ake sauke kaya a sito. Daga nan ka duba littafin ƙorafi, da rasit ɗin kayan da aka dawo da su, da wuraren da ƙidayar sito ta saɓa da abin da ke rubuce. A cikin waɗannan takardu ne za ka ga kuskuren da ke maimaita kansa.

Idan ka gano shi, sai ka rubuta buƙatar a jimla ɗaya wadda za a iya gani da ido. Cewa “a inganta hulɗa da kwastomomi” ba ta da kai ba ta da gindi. Amma idan ka rubuta cewa “mai kanta ya iya bayyana wa manomin dankali yadda ake haɗa maganin feshi bisa ma'aunin da ke jikin kwalba, ya kuma faɗa masa kayan kariyar da zai sa,” to ka sami abin da za a koyar, ka kuma sami abin da za a auna daga baya.

A nan ne kuma ya kamata mai horarwa ya faɗa wa shugabanni gaskiya. Wata matsalar ba ta rashin sani ba ce. Idan sikelin sito ya lalace, ko mutum ɗaya ne ke riƙe da kanta da sito da lissafi, ko albashi yana makara, babu darasin da zai gyara ta, kuma ɓata kuɗi ne a shirya horo a kanta.

Mataki na biyu: tattara ilimin da ke cikin gida

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Ka haɗa duk abin da kamfani ya taɓa rubutawa game da aikin da ka zaɓa: ƙa'idar karɓar kayan da aka dawo da su, jerin farashi, bayanan da ke jikin buhu da kwalba, sanarwar da manaja ya taɓa mannawa a bango. Ka ware waɗanda suka tsufa, domin manhajar ba za ta bambance ƙa'idar bara da ta bana ba idan ka ba ta su a haɗe.

Sai dai mafi yawan ilimin ma'aikata ba a takarda yake ba, yana kan tsofaffin ma'aikata, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Akwai wani dattijo mai kula da sitonmu wanda kowa ke kira Baba. Na same shi da sanyin safiya a lokacin hunturu, yana sanye da rigar sanyi biyu, na ce, “Baba, ina neman izini in naɗi maganarka a waya, domin yaran da muke ɗauka su amfana.” Ya ce, “To, Malam, bismillah, amma sai ka biyo ni ciki, don a bakin ƙofa ba zan tuna komai ba.” Muka shiga, ya dafa wani buhun yuriya da tafin hannu, ya matsa gefensa, ya ce duk buhun da ka ji ya yi tauri a kusurwa ya sha danshi, shi za a fara fitarwa. Ya nuna mini dalilin da ya sa ba a jingina taki da bango, ba a kuma ajiye shi a ƙasa sai a kan katako, da dalilin da ya sa iri da maganin ƙwari ba sa kwana a ɗaki ɗaya. Cikin ƙasa da awa guda ya faɗi abin da ba ya cikin kowace takarda ta kamfani.

Ka yi irin wannan zama da mutum biyu ko uku, ka riƙa tambayarsu “me ya sa?” da “wane kuskure sabon yaro ya fi yi a nan?” Bayan haka a mayar da maganar rubutu. Manhajojin da ke rubuta magana sun fi ƙwarewa a Turanci, Hausarsu kuwa tana yawan kauce hanya, musamman idan akwai hayaniyar sito ko mai maganar yana gauraya harsuna kamar yadda muke yi a Jos. Ya fi sauƙi ka ba wani matashin ma'aikaci ya saurara ya buga, shi ma ya ƙaru. Kuma ka sa sunan dattijon a kan darasin idan ya yarda, domin haƙƙinsa ne.

Mataki na uku: tsare sirri kafin a ɗora komai

Duk abin da ka liƙa a cikin manhajar hira yana fita daga kwamfutarka zuwa rumbun wani kamfani, galibi a ƙasar waje. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, kuma akwai hukumar NDPC a Abuja da ke sa ido a kan aiki da ita. Bayanan ma'aikata da na kwastomomi suna ƙarƙashin wannan doka. Saboda haka kafin ka ɗora takarda, ka goge sunaye, da lambobin waya, da lambar NIN da BVN, da albashi, da duk abin da ya shafi lafiyar mutum ko takardar tuhumar da aka taɓa ba shi. Idan kana son yin misali da wani ƙorafi na gaske, ka mayar da shi “wani manomi” da “wani reshe”.

Ka kuma shiga saitin manhajar ka kashe damar yin amfani da hirarka wajen horar da ita, inda aka bayar da wannan zaɓi. Sannan ka rubuta ƙa'ida ta shafi ɗaya, manaja ya sa hannu, wadda ta fayyace abin da aka yarda a ɗora da abin da aka hana. Ma'aikata suna amfani da waɗannan manhajoji a wayoyinsu ko ka sani ko ba ka sani ba, gara su san iyaka.

Mataki na huɗu: zaɓar manhaja

Ba sai ka daɗe a nan ba. Ɗaya daga cikin manyan manhajojin hira ta isa rubuta darasi da tambayoyi, kuma na kyauta ya isa gwaji, ko da yake yana da iyakar yawan amfani, na biya kuma kuɗinsa yana bin farashin dala. Idan takardunka suna da yawa, NotebookLM na Google yana amsa tambaya daga cikin takardun da ka ɗora masa, yana kuma nuna wurin da ya ɗauko amsar, abin da ke rage wahalar dubawa. Abin da zan jaddada kawai shi ne ka gwada komai a kan ƙaramar waya da data ta yau da kullum, ba a kan kwamfutar ofis ba, domin mai kanta a Bokkos da waya zai karanta, wani lokaci ma da sauran caji kaɗan.

Mataki na biyar: rubuta umarni

Ingancin abin da za ka samu yana bin ingancin umarnin da ka bayar. Ka ɗauka kana ba sabon akawu aiki ne, mai saurin rubutu da yawan karatu, amma yau ya sauka a tashar mota bai taɓa ganin Filato ba. Dole ka gaya masa su wane ne za su karanta, da me za su iya yi bayan sun gama, da takardar da zai dogara da ita, da tsawon da kake so, da abin da zai yi idan bai sami amsa a takardar ba. Ga irin wanda nake rubutawa:

“Ka shirya darasi na minti biyar ga masu kanta a shagon kayan noma a jihar Filato. Yawancinsu sun gama sakandare, a waya za su karanta. Manufar ita ce su iya ajiye taki ba tare da ya sha danshi ba. Ka yi amfani da bayanan da na liƙa a ƙasa kawai. Idan akwai abin da ya kamata a faɗa amma ba ya cikin bayanan, kada ka cike gurbin, ka rubuta mini shi a matsayin tambaya a ƙarshe. Ka fara da gajeren labarin abin da ya faru a sito, sannan matakai, sannan tambayoyi biyar masu zaɓi, kowace da bayanin dalilin da ya sa amsar ta zama daidai.”

Jimlar da ke hana ta cike gurbi ita ce mafi muhimmanci a cikin umarnin duka, kuma tambayoyin da take dawo mini da su sukan nuna mini wuraren da kamfanin kansa bai taɓa tsayar da ƙa'ida ba. Da zarar ta kawo daftari na farko, kada ka karɓa haka nan. Ka ce ta gajarta, ka ce ta cire manyan kalmomi, ka ce amsoshin da ba daidai ba su zama irin kuskuren da mutane ke yi da gaske, domin ta saba kawo zaɓin da ko yaro zai gane ba shi ba ne.

Batun harshe yana buƙatar kulawa ta daban. A rassanmu akwai Hausawa, da Birom, da Mwaghavul, da Ron, da Angas, kuma Hausa ce harshen ciniki tsakaninsu da manoma, alhali takardun kamfani da Turanci suke. Don haka nakan fitar da darasi a harsunan biyu. Hausar da manhajar ke rubutawa ana gane ta, amma sau da yawa gininta na Turanci ne, takan rikita namiji da mace, takan kuma ƙirƙiro kalmar da babu mai faɗinta a kasuwar Farin Gada. Maganin shi ne ka karanta darasin da ƙarfi a gaban ma'aikaci ɗaya. Duk inda ya ɗaga kai ya dube ka, wurin yana buƙatar gyara, sai ka tambaye shi yadda shi zai faɗa wa manomi, ka rubuta nasa.

Mataki na shida: dubawa da sa hannu

Waɗannan manhajoji suna aiki ne ta hanyar hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da su da shi. Shi ya sa idan ba su da amsa sukan yi shaci-faɗi cikin lafazi mai daɗi, ba tare da wata alamar shakka ba. Na ga wannan da idona a farkon gwajina, lokacin da ban fara liƙa bayanan jikin kwalba ba: na nemi darasi a kan feshin dankali na damina, sai ta kawo ma'aunin haɗa magani wanda ya sha bamban da abin da kamfanin da ya yi maganin ya rubuta. Jami'armu ta fannin noma ce ta tsayar da ni, ta ɗauko kwalbar ta ajiye a kan tebur ta ce, “Malam, duba nan. Da wannan ya kai reshe, gonar wani za mu ƙona.” Tun daga ranar babu darasin da ke fita sai wanda ya san aikin ya bi shi layi-layi.

Abin da ake dubawa da farko shi ne lambobi: ma'auni, farashi, kwanaki, kaso. Sai sunayen kaya, sai duk inda aka ambaci doka ko ƙa'idar kamfani. Mai dubawa ya rubuta sunansa da kwanan wata a ƙasan darasin, domin idan farashi ko ƙa'ida ta canza a san wanda ya tsufa.

Mataki na bakwai: atisayen magana

A nan ne na fi ganin amfanin da zauren otal bai taɓa ba mu ba. Sabon ma'aikaci yana iya haddace ƙa'ida, amma ranar da manomi ya shigo a fusace da ragowar buhun iri yana cewa bai tsiro ba, sai bakinsa ya mutu. Ana iya sa manhajar ta zama wannan manomi. Ka rubuta mata halin da ake ciki, ka liƙa ƙa'idar kamfani, ka ce ta yi magana a matsayin dattijon da ya yi asarar shuka, kada ta sauko da wuri, kuma bayan musayar magana goma ta tsaya ta faɗa wa ma'aikacin inda ya bi ƙa'ida da inda ya yi alkawarin da ba shi da ikon cikawa. Ma'aikaci zai iya maimaitawa sau biyar a bayan kanta ba tare da jin kunyar kowa ba.

Duk da haka akwai abin da ba ta kamawa, wato ladabin wurin. Ba ta san cewa kafin a shiga maganar iri sai an gaisa, an tambayi gida da gona, an jajanta, an miƙa wa dattijo kujera ba. Wannan sai ka sa shi a cikin umarni da kanka, kuma bayan atisayen waya manajan reshe ya yi wa ma'aikacin gwaji ɗaya ido da ido.

Mataki na takwas: raba darasi kaɗan-kaɗan

Tun a 1885 masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mutum yakan manta mafi yawan sabon abin da ya haddace cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma maimaitawa a lokuta daban-daban tana rage mantuwar. A da ba mu da ƙarfin rubuta tambayoyin bita iri-iri ga kowane darasi, yanzu aikin minti kaɗan ne. Tsarina shi ne in tura darasi a zauren WhatsApp na reshe ranar Litinin da safe kafin kasuwa ta buɗe, in tura tambayoyi uku ta Google Forms ranar Laraba, wasu ukun bayan mako, sannan na ƙarshe bayan wata. Ga masu lodi da direbobi waɗanda karatu ke yi wa nauyi, wani ma'aikaci yakan karanta darasin a saƙon murya. Kuɗin data kuwa kamfani ne ya kamata ya ɗauka, kuma lokacin karatun ya kasance cikin lokacin aiki, ba a bi mutum da darasi har gida da dare ba.

Mataki na tara: ci gaban kowane ma'aikaci

Sakamakon tambayoyin yana nuna inda kowa ke da rauni. Ka cire sunaye ka sa lambobi, ka ba manhajar ta tsara maka wuraren da aka fi faɗuwa, ta kuma ba da shawarar darussan watanni uku ga mai kanta da ke son zama manajan reshe, misali lissafin riba, da tsara odar kaya kafin damina, da rubuta rahoto. Shawara ce kawai, za ka zauna da ma'aikacin ku gyara ta tare.

Ƙarin girma, da sauyin wurin aiki, da sallama, ba a miƙa su ga na'ura. Dokar 2023 ta ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi bisa lissafin na'ura kaɗai, kuma ko ba doka, maki ba ya nuna amana ko haƙuri da jama'a. Haka kuma ka sani cewa da yawa daga cikin ma'aikata za su ɗauka ana shirin maye gurbinsu ne, musamman dattawan da ka naɗi maganarsu. Ka gaya musu tun farko abin da za a yi da bayanan da wanda zai gan su, kuma kada ka yi musu alkawarin da ba a hannunka yake ba.

Mataki na goma: aunawa da ajiye shaida

Wani masani ɗan Amurka, Donald Kirkpatrick, ya fitar da matakai huɗu na auna horo a 1959, kuma har yau da su ake aiki: ko mahalarta sun gamsu, ko sun koya, ko halinsu a bakin aiki ya canza, ko kamfani ya ga sakamako. Biyun farko suna da sauƙi, kuma a nan yawancinmu muke tsayawa. Na uku sai ka koma reshe ka gani da idonka ko an ɗaga buhuna daga ƙasa an janye su daga bango. Na huɗu kuwa yana cikin littattafan da ka duba a mataki na farko: ka kwatanta adadin buhunan da suka lalace a wannan damina da na daminar da ta wuce, ba da na rani ba, domin kada yanayi ya ruɗe ka.

Ka ajiye komai a fayil ɗaya: darussa, sunayen mahalarta, maki, rasit ɗin kuɗin da aka kashe. Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedkwatarsa ke nan Jos a kan titin Miango, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara daga kamfanonin da dokarsa ta hau kansu, yana kuma mayar da wani kaso ga waɗanda suka horar da ma'aikatansu bisa ƙa'idarsa. Saboda ana neman amincewarsu kafin a gudanar da horon da za a nemi kuɗinsa, ka kai musu tsarinka tun da wuri ka ji sharuɗɗan da za ka cika.

Game da lokacin farawa, ka zaɓi reshe ɗaya da matsala ɗaya, ka ba su makonni shida kafin ka faɗaɗa. Mu masu kayan noma watan Janairu da Fabrairu muke yin wannan, domin da zarar ruwan farko ya sauka a watan Afrilu manoman dankali suka cika kanta, babu ma'aikacin da zai sami sararin duba waya.